Mai Riƙe da Jaka Ba Ya Zama Alƙali

Tun da Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa ta ɗaga murya a watan Agusta 2025, tana zargin gwamnatin tarayya da karkatar da kashi 40 cikin ɗari na kuɗin asusun diyyar ma'aikata, hankalin jama'a ya tattara a kan kuɗin, aka manta da wata illa wadda ta girmi wannan rigima, wato wane ne ke yanke hukuncin farko idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki. Mu dai ra'ayinmu shi ne, muddin ba a raba mai riƙe da jaka da mai zaman shari'a ba, ko da an mayar da kuɗin nan har kobon ƙarshe, talaka ba zai ga haƙƙinsa ba.

A ƙarƙashin dokar diyya ta 2010, hukumar NSITF mai kula da asusun ce ke karɓar kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi daga masu ɗaukar aiki, ita ce ke duba da'awar wanda inji ya cinye wa hannu, ita ce kuma ke ƙayyade abin da za a ba shi ko a hana shi. In bai gamsu ba, doka ta ce ya sake komawa gabanta cikin kwana 180, ta kuma ba ta wasu kwana 180 na nazari, sannan ne fa ƙofar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta buɗe masa. Leburan da ya faɗo daga kan gini a Kankiya, ko malamin makarantar da ya taso daga Sukuntuni ya yi haɗari a hanyarsa ta zuwa aiki, da me zai yi jinya, iyalinsa kuma su ci me, kafin wa'adin nan ya cika?

Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke wannan mas'ala, domin bai halatta alƙali ya hukunta shari'ar da yake da maslaha a cikinta ba, kuma diyyar gaɓoɓi haƙƙi ne tabbatacce wanda bai rataya ga jinƙan mai biya ba. Masu kare tsarin NSITF suna cewa ya fi kotu sauri da rangwame. To, saurin da ke iya cin rabin shekara wajen sake nazari kaɗai bai cancanci sunan ba. Ba mu kuma manta ba cewa wannan hukuma ce aka ji daga bakin shugabanninta a gaban kwamitin Majalisar Dattawa a 2022 cewa mai yiwuwa gara ta cinye takardun kashe sama da naira biliyan 17. Wanda bai iya tsare takarda ba, ta yaya za a damƙa masa amanar hukunci?

Don haka muna kira ga Majalisar Tarayya, musamman wakilin mazaɓar Kankiya, Ingawa da Kusada, da a gyara dokar, a naɗa alƙalan da ba sa cin albashi daga hukumar, su zauna a Katsina da kowace jiha, su saurari da'awa tun daga farko, da ikon umartar a biya kuɗin magani nan take kafin a kammala shari'a. A raba jaka da alƙalanci, domin wanda ke kwance da karaya ba shi da halin jira.