Wayar Jabu Na Cinye Gumin Manoman Baturiya

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar maƙerin fari ya san jan ƙarfe yana da halinsa. Maƙeri zai yi ta dukansa da guduma har ya yi tauri ya fara gardama. Sai ya tura shi cikin garwashi, yaro ya ja zuga-zugi, in ya yi jajir a tsoma shi a ruwa. Ƙarfen wuƙa in aka yi masa haka ƙara tauri yake yi, shi kuwa jan ƙarfe laushi yake fitowa, sai yadda aka ga dama da shi. In tagulla ce a wuta, idon maƙeri na kan farin hayaƙi. Tutiyar da aka gauraya a ciki ce ke tserewa, domin tana tafasa a digiri 907, daidai wajen da tagullar ke narkewa. Jan ƙarfe zalla kuwa sai ya kai digiri 1,085.

Ba yau Bahaushe ya san wannan ƙarfe ba. A 1353 Ibn Battuta ya tarar ana narka shi a Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, ana kai shi Gobir da Borno.

Yau jan ƙarfe ya shiga fadama. A Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, inda dausayin da tsuntsayen Turai ke sauka ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a 2008, noman rani shi ne abin dogaro. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, manoma da dama a kwarin Haɗeja suka karkata ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Ran wannan inji kuwa waya ce, ga ta naɗe a cikinsa, ga ta shimfiɗe a kan ƙasa, cikin ranar Afrilu da ke haura digiri 40.

A nan maha'inta suka samu ƙofa. Akwai wayar da cikinta sanholo ne, aka lulluɓe ta da jan ƙarfe kamar fatar albasa. A ido ba ta da maraba da ta ainihi, kuma ta fi araha. Amma in kaurinsu ɗaya, abin da sanholo ke iya ɗauka na lantarki bai wuce kashi 61 cikin 100 na jan ƙarfe ba, don haka ya fi saurin ɗaukar zafi. Ya kuma fi kumbura: mita ɗaya ta jan ƙarfe in zafinta ya ƙaru da digiri 100 tana ƙara milimita 1.7, tagulla wajen 1.9, sanholo 2.3. Da rana ya kumbura a cikin mariƙin tagulla, da dare ya tsuke. Yau da gobe mahaɗar ta saki, ta fara tartsatsi, roba ta narke, inji ya tsaya, alhali shinkafa ko tattasai na tsakiyar neman ruwa.

Wani zai ce talaka abin da aljihunsa ya kai yake saya. Gaskiya ne, amma a gaya masa abin da ya saya. Sayar da sanholo da sunan jan ƙarfe ha'inci ne, kuma aikin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ne ta bi shagunan kayan lantarki daga Kano har Haɗeja. Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja ma tana iya tara masu gyaran inji ta nuna musu bambancin.

Kafin nan, manomi ya riƙa zuwa kasuwa da wuƙa da ashana. Ya kankare bakin wayar: in fari ya bayyana, sanholo ce. Ya kara sili ɗaya a wuta: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, jabu kuwa nan take zai lanƙwashe. Mai shagon da ya hana a gwada, a bar masa kayansa.