Ba Kowane Ɗalibi Ne Gwauro Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Illela a makon da ake komawa makaranta ya riga ya ga abin da za mu yi magana a kansa. Zai ga samari da jakunkuna a kafaɗa, waɗanda suka tsallako daga Birnin Ƙonni ko Tawa ko Madawa za su Sakkwato karatu, ya kuma ga namu da suka nufi Maraɗi ko Yamai ko Jami'ar Musulunci ta Sayi. Waɗannan da an duba takardunsu sai su wuce. Amma in ya ƙara haƙuri zai ga wani iri dabam: mutum da katifa a naɗe, da tukwane a buhu, matarsa da goyo a baya, ga yaro riƙe da gefen zanenta. Shi ma ɗalibi ne, lambarsa ɗaya ce a littafin rajista kamar ta kowa, amma bakuna huɗu ne ke jiran abinci a bayan lambar nan. A kan wannan mutumin da iyalinsa ra'ayinmu na wannan fitowa ya tsaya.

Abin da ya ta da maganar a bakin jama'a shi ne dokar Ingila. A watan Mayu na 2023 gwamnatin ƙasar ta sanar cewa daga ranar 1 ga Janairu 2024, ɗalibin da ya je digiri na biyu na zaman aji ba zai ƙara zuwa da mata ko miji ko 'ya'ya ba, sai fa mai karatun bincike, kamar digiri na uku, ko wanda wata gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Hujjarsu ita ce yawa. A 2019 bizar iyalan ɗalibai da suka bayar ba ta wuce kimanin 16,000 ba, amma a 2022 ta kai kimanin 136,000, kuma fiye da 60,000 daga ciki 'yan Nijeriya ne, har ma iyalan sun ɗan ɗara ɗaliban da suka kai su yawa. Ko wanda dokar ta ƙyale, sai ya nuna yana da fam ɗaruruwa na kowane wata a kan kowane mutum ɗaya da zai tafi da shi, ban da kuɗin asibiti da ake biya tun kafin a taka ƙasar. Mai mata biyu kuwa, tun tuni dokarsu ɗaya ta sani.

An yi surutu ƙwarai, mu ma mun yi namu a ɗakunan kwana da gindin bishiyoyi. Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu nawa ne a cikinmu za mu taɓa ganin Landan? Amma Illela ga ta nan, tafiyar da ba ta kai ta awa biyu ba daga Sakkwato, daga can kuma zuwa Ƙonni 'yan kilomita ne kawai. Ɗalibin ƙasar waje da muka fi sani ba Bature ba ne, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Buzu ɗan'uwanmu, wanda harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, watakila ma kakanmu ɗaya. To, wane tanadi muka yi wa iyalinsa? Ingila dai ta fito fili ta ce kada a zo da su. Mu ba mu ce a zo ba, ba mu ce kada a zo ba, mun yi kamar ba mu san da su ba.

A duba takardu tukuna. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba har kwana 90. Kwana 90 ya ishi ɗan kasuwa da mai ziyarar biki, amma bai kai ko zangon karatu ɗaya ba. Wanda zai zauna ya fi haka sai ya nemi katin izinin zama. Shi ɗalibi yana da takardar shiga jami'a da zai nuna. Matarsa fa, me za ta nuna? Auren da aka ɗaura a ƙofar gida, da goro da shaidu, sau da yawa ba shi da takarda, haka nan yaron da aka haifa a ƙauye. Ga shi kuma Nijar ta fice daga ECOWAS, ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce a lokacin a ci gaba da zirga-zirga kamar da, har sai an sake shawara. Watau abin da ya kasance haƙƙi ya koma alfarma, ita kuwa alfarma ana iya janye ta da safe ɗaya.

Kada wani ya ce tsoro muke ba mutane, domin iyakar Illela ta sha rufewa. An rufe ta a 1984, ba a buɗe ba sai 1986. An sake rufewa a watan Agusta na 2019, sai a Disamba 2020 aka buɗe ta tare da Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin Yamai na ranar 26 ga Yuli 2023 aka ƙara garƙame ta, har zuwa Maris 2024. A wannan karo na ƙarshe jaridu sun cika da labarin manyan motoci da suka yi jerin gwano, da albasa da ta ruɓe, da asarar fatake. Ba mu ga wanda ya ƙidaya gidajen ɗaliban da rufewar ta raba biyu ba.

Mun san wani abokin karatunmu, mutumin ƙasar Ƙonni, wanda muka sakaya sunansa. Ya kama ɗaki a cikin gari ya zauna da matarsa, da cikinta ya tsufa ya mai da ita gidan iyayenta don ta haihu ta yi wankan jego, kamar yadda kowa ke yi. Kwana kaɗan bayan haka aka rufe iyaka. Aka yi haihuwa, aka yi suna, uban yaro yana ta wannan gefe ga jarrabawa a gabansa. Daga baya ya bi 'yan kabu-kabu ta hanyar daji da dare, ya biya ninkin kuɗin da aka saba, ya ga ɗansa, ya komo a makare har kwas guda ya kuɓuce masa. Da ya je neman uzuri a wani ofis, amsar da ya samu ita ce, ai ba iyalinsa aka ɗauka karatu ba, shi aka ɗauka. Ba mu zargi wanda ya faɗi haka ba, gama gaskiyar abin da ke rubuce ya faɗa. Abin da ke rubucen ne muke zargi.

Tsarin jami'a da muka gada an yanka shi ne daidai jikin saurayi ɗan shekara 18 wanda ba shi da nauyin kowa: gado ɗaya, akwati ɗaya, kuɗin guzuri na ciki ɗaya. A ƙasarmu kuwa ana aure da wuri, da yawa daga cikin masu zuwa jami'a sun riga sun yi shekaru suna koyarwa a firamare ko aiki a ofishin ƙaramar hukuma, sun zo ne da hutun ƙaro ilimi da rabin hankalinsu a gida. Ku 'yan'uwanmu matasan ma'aikata, kun fi mu sanin wannan. Takardar sukolashif ta tambayi sunan mahaifi da garin haihuwa da sa hannun hakimi, amma da wuya ta tambayi 'ya'ya nawa.

Abin mamaki, magabatanmu ba haka suka ɗauki neman ilimi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a 1754 a Maratta, wadda a yau take cikin Nijar ba nisa da Ƙonni, daga nan gidansu ya tashi dungurungum ya koma Degel, ta wannan gefe. Ya bi Malam Jibrilu har Agadas don karatu, da malamin ya nufi Makka shi kuwa ya komo, saboda bai sami izinin mahaifinsa ba. A gidan Degel ɗin nan aka haifi Nana Asma'u, wadda ta yi karatu a tsakar gida har ta zama malamar malamai. Malaman da suka yi gabas a ƙasa, da matansu da 'ya'yansu da almajiransu suka tafi, zuriyarsu na nan a Sudan har gobe. Layin da Ingilishi da Faransawa suka ja a farkon ƙarni na 20 shi ya mai da tafiyar yini guda ta zama fita ƙasar waje.

Duk da haka ba mu ce kowa ya kwashi iyali ya tafi da su ba. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023 ya ishe mu darasi. Ɗalibanmu sun kwana a hamada a kan iyakar Masar suna jiran izinin wucewa, mai gudu shi kaɗai kuwa ba daidai yake da mai gudu da jariri ba. Akwai kuma maganar kuɗi. Tun da naira ta faɗi bayan watan Yuni na 2023, wanda ake aiko wa sefa daga Nijar ya ɗan sami sauƙi a Sakkwato, namu da ke Maraɗi da albashin naira kuwa ya ga kuɗin haya ya ninka ba tare da mai gida ya ƙara ko dala ba. Sa'an nan ga makarantar yara: boko a can da Faransanci aka gina shi, a nan da Ingilishi, yaron da aka yi ta kai da komo da shi sai ya tashi ba shi a tsuntsu ba shi a tarko. Mutum ya auna waɗannan duka. Wani barin iyali a gaban iyaye ya fi masa, wani kuwa, musamman mai shekara huɗu ko biyar a gabansa, raba gida tsawon haka zalunci ne ga matar da ba ta yi laifin komai ba. Abin da muke ƙi shi ne a bar mutum ya yanke wannan shawara a cikin duhu, sa'an nan in ta ɓaci a ce shi ya jawo wa kansa.

Yanzu bari mu juyo kanmu, mu maza ɗalibai, don ba hukuma kaɗai ke da laifi ba. Akwai wanda zai ɗauko yarinya daga cikin danginta, ya ajiye ta a ɗaki ɗaya a unguwar da ba ta san kowa ba, ya fita tun da asuba, ya komo bayan lisha ya buɗe littafi. Shekara huɗu shi ya fita da digiri, ita kuwa abin da ta ƙaru da shi 'ya'ya biyu da kaɗaici. Daga nan kuma sai a ji ya fara cewa ba ta waye ba, ba ta dace da matsayinsa ba. Wannan ba zuwa da iyali ba ne, zuwa da mai dafa abinci ne. Wanda ya kawo matarsa garin ilimi ya bar ta a jahilci, Shehu da kansa ya soki irinsa tun fiye da shekara 200 da suka wuce, ba sai mun ƙara ba. Makarantun Islamiyya da na yaƙi da jahilci da na koyon sana'a suna nan a kowace unguwa, kuɗinsu bai kai na katin waya da muke ƙonawa a wata ba.

Akwai kuma wadda ba a cika tunawa da ita ba, watau ɗaliba mai aure. In an ce iyalin ɗalibi, hankalin kowa mata da 'ya'ya yake kawowa, alhali kuwa a kowane aji akwai 'yar'uwarmu mai shayarwa. Miji ba ya barin aikinsa ya biyo ta, ɗakin kwanan mata ba a shirya shi don jarirai ba, sai ta kama haya a waje, ta zo da ƙanwa ko 'yar ƙanin uba don raino. Ita 'yar rainon, yarinya 'yar shekara 10 ko 12, an cire ta daga tata makarantar ke nan, tana zaune a barandar ɗakin lacca da jariri a cinya tana jin ana karantar da wasu. In daga ƙetaren iyaka aka zo da ita, ba ta da suna a takardar kowa. Ilimin mace ɗaya da aka saya da jahilcin wata, ciniki ne da ya kamata ya dame mu.

Saboda haka ga abin da muke nema, ba kuma mai yawa ba ne. Da farko Ƙungiyar Ɗalibai ta buɗe littafi ta rubuta masu iyali, 'yan gida da 'yan ƙetare, domin a halin yanzu ko yawansu ba mu sani ba, wanda bai san yawan baƙinsa ba kuwa ba ya auna tuwo. Ofishin rajista ya riƙa ba ɗalibin ƙasar waje wasiƙa mai ɗauke da sunayen matarsa ko mijinta da 'ya'ya da mai raino, wadda za a nuna wa jami'an shige da fice a Illela. Wannan takarda ce da hatimi kawai, ba ta cin kasafin kowa. A keɓe ɗaki guda kusa da ajujuwa don raino, a ɗauki mata biyu ko uku su kula da shi, mu ɗalibai mu sa wani abu daga kuɗin ƙungiya. A rubuta a cikin dokokin jarrabawa cewa rufe iyaka uzuri ne karɓaɓɓe, kamar ciwo. Su kuma hukumomin sukolashif na jihohi da ma'aikatun da ke ba da hutun karatu, su ƙara layi ɗaya a fom ɗinsu su tambayi nauyin da ke kan mutum, ko da abin da za su ƙara masa kaɗan ne. Maganar gidaje ga masu aure mun san ta fi tsada, amma a fara da ɗaki goma a gani.

Za mu kai waɗannan buƙatu gaban majalisar ɗalibai a zamanta mai zuwa. Muna roƙon masu iyali su daure su halarta, kada kunya ta hana su, wadda kuma ba ta sami mai riƙe mata yaro ba ta zo da shi.