Awon Ruwan Kwata Don Gano Masu Shan Ƙwayar Ƙarfi

Tun 1988, da aka ƙwace lambar zinariya daga hannun Ben Johnson a birnin Seoul, kowa ya san ana gwada fitsarin manyan 'yan wasa. To, saurayin da ke ɗaga ƙarfe a unguwa, yana haɗiyar ƙwaya don damtse ya kumbura, wa ke gwada shi?

Ga dabarar masana. Abin da mutum ya sha, sauransa yakan fita cikin fitsari ya bi kwata. Sai su ɗebo daga inda ruwan ƙazantar gari duka ke taruwa, su auna. A ƙasar Holan, bisa ga rahoton 2018, an yi haka lokacin gasar masu ginin jiki, aka sami dinitrophenol, watau maganin ƙona kitse wanda kan kashe mutum.

A ganina dabarar tana da kyau muddin gari ɗungum ake aunawa, gama tana nuna wa likitoci da malamai inda za su kai gargaɗi, ba ta kama sunan kowa. Amma in aka koma auna kwatar makaranta guda, lalle za a shafa wa yara masu yawa laifin mutum biyu ko uku, iyaye kuwa ba za su yarda ba.