Sushi a Tokyo: ƙirga faranti tun kafin ka ƙoshi

Ɗan kasuwar da ya je Japan sayen mota ko kayan gyara, kada ya bi mai masauki ido rufe zuwa unguwar Ginza. Can, cin sushi, wato ɗanyen kifi bisa dunƙulen shinkafa mai ɗan tsami, yana iya lashe yen dubu 30. Kuma babu tayi, babu ragi.

A ganina gara gidajen da faranti ke zagayawa bisa bel, dabarar da aka soma a yankin Osaka a 1958. A Sushiro ko Kura Sushi, faranti mafi araha bai kai yen 200 ba, sai dai hannu ba ya jin nauyin ɗauka. Da dare kuma, manyan kantuna kan karya farashin wanda ya yi kwantai, wani lokaci har rabi.