Kifi a Allo, Kogi a Bayan Taga

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, ku matso mu faɗa wa juna gaskiya ko da za ta yi ɗaci. A ƙasar Haɗejiya yaro yakan zauna a aji, malam na zana masa kifi da alli, alhali ga kogi kwance a bayan taga. Ya haddace sassan kifi da Turanci, ya ci jarrabawa, amma tambaye shi yadda gaiwa ke shafe rani cikin busasshen taɓo ba ta mutu ba, sai ya yi zuru. Shin wannan ilmi ne, ko kuwa karatun aku?

Kada wani ya ɗauka maganar wasan yara ce. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, halin kogin nan ya sake. Ambaliyar damina da ke kwanta wa fadama, kifi ya hayayyafa, shinkafa ta yi, ta ragu ƙwarai. Ruwan da ake saki rani da damina kuwa ya ba kacala gindin zama: ta toshe hanyoyin ruwa, wani yanki ya nutse, wani ya bushe, jan-baki ya sami maɓoya yana cinye hatsin talaka. Yaran da za su gaji wannan matsala su ne muke hana wa sanin ruwa!

Masu iko za su ce babu kuɗi, babu ɗakin gwaje-gwaje. To, nawa ne kuɗin kwalba da rariya da sandar awo? Yara su kafa sanda a gaɓa, su riƙa rubuta hawan ruwa da saukarsa mako-mako. Su ɗebi ruwa a kwalba su ga laka na kwanciya. Su zauna gaban Sarkin Ruwa ya rarrabe musu tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu, ya nuna musu dalilin da raga mai ƙananan idanu ke kashe kamun baɗi. Ko kuwa girman kai na boko ne ya hana mu yarda masunci malami ne?

Wasu za su ce ruwa da haɗari, ga tsargiya. Jama'a, yaran nan kullum suna cikin ruwan, da mu da babu mu! Gara a nuna musu katantanwar da ke ɗauke da cutar, su santa da idonsu. Gani ya kori ji.

Abin kunya, tsuntsaye na ƙetaro Sahara daga Turai su sauka Baturiya, wadda duniya ta sa cikin dausayoyin Ramsar tun 2008. Baƙi na zuwa ƙirga su, ɗan gida kuwa bai san sunansu ba.

Saboda haka muna kira: kowace firamare da ke bakin kogi, daga Auyo zuwa Guri, ta ware yini guda kowane zango don darasi a gaɓa. Ma'aikatan ilmi su sa shi cikin manhaja. Mu kuma ɗalibai, idan hutu ya zo, mu aje taƙama mu koma gida mu ja yaran. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.