Kai Kayan Makaranta Ƙetaren Iyaka: A Yi Shi Irin Na Habbanaye



A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a mai kyau ta fara shigowa cikinmu a nan Yawunde, musamman tsakanin masu hali na kasuwar shanu ta Etoudi da mazauna unguwar Briqueterie. Idan an ba yara dogon hutu na watan Yuli da Agusta, sai ka ga magidanci ya kwashi iyalinsa za su ziyarar dangi a ƙetare, wasu su nufi Nijeriya wajen Mambila ko Yola, wasu kuma Afirka ta Tsakiya wajen Buwar ko Berberati. Bayan tsarabar sabulu da atamfa da aka saba, sai a haɗa da kwali biyu ko uku na littattafan rubutu da biro da alli, domin makarantar ƙauyen da za a sauka. Da can Turawa muke gani suna wannan aiki, su zo daga Faransa ko Amurka da 'ya'yansu da akwatuna, su raba kaya su koma. Yanzu namu sun fara, kuma wannan abin godiya ne ga Allah.

To amma ina da magana a kan yadda ake yin abin. Ra'ayina shi ne, kwalin da aka kai sau ɗaya aka juya baya, amfaninsa bai wuce wata biyu ko uku ba. Idan muna son ɗawainiyarmu ta haifi wani abu, sai mu yi ta bisa tsarin da kakanninmu suka bar mana, wato habbanaye.

Duk wanda ya tashi a ruga ya san habbanaye. Idan annoba ko fari ko ɓarayi sun raba ɗan'uwanka da garkensa, ba nama kake yankawa ka aika masa ya ci ya wanke hannu ba. Karsana kake kamawa ka ɗaure masa, ya riƙe ta, ya sha nononta, 'yan maruƙan da ta haifa su zama nasa, a wasu wuraren har haihuwa uku, sa'an nan ya maido maka da uwar. A cikin waɗannan shekaru kana tambayar lafiyarta, shi kuma yana jin nauyinka, ba zai bari ta wulaƙanta ba. Da haka mutumin da ya tsiyace yake sake tsayawa da ƙafafunsa. Makarantar 'ya'yan makiyaya a yau tana cikin halin wannan ɗan'uwa, kuma irin wannan riƙo take bukata.

Bari mu duba abin da kan sami kwalin da aka cika a kasuwar Mokolo ba tare da an tambayi kowa ba. Da farko akwai maganar harshe. Yawancin littattafan karatu da ake sayarwa a Yawunde da Faransanci suke, bisa manhajar Kamaru. Makarantar Gembu ko ta bayan garin Yola kuwa da Ingilishi take karatu, bisa manhajar Nijeriya. Ko littattafan Ingilishi na ɓangaren Bamenda ka saya, ba su ne malamin can yake koyarwa da su ba. Na taɓa sauka a wata ruga a ƙetare na tarar da littattafan lissafi na Faransanci sababbi ful, an jibge su a lungun ɗakin malami gara tana ci, domin babu mai iya karanta su a duk yankin. Wanda ya kawo su da niyya mai kyau ya zo, amma kuɗinsa sun tafi a banza.

Sai maganar lokaci. Mu kan yi tafiyar ne lokacin hutu, makaranta tana rufe, malami ya tafi garinsu. Sai a bar kayan a gidan ɗan'uwan da aka sauka wurinsa. Kafin a koma karatu, 'ya'yan gidan da na maƙwabta sun kwashe rabi, sauran iyaye kuma su fara gunaguni cewa an yi son kai. Abin da aka kawo domin zumunci sai ya zama sanadin gaba tsakanin gidaje biyu na ruga ɗaya.

Ga kuma wahalar hanya. Mai kwalaye sai ya biya kuɗin kaya a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko a mota zuwa Garwa-Bulai, ya kuma tsaya dogon bayani da 'yan duwan a bakin iyaka. Alhali biro da alli da littafin rubutu ana sayar da su a Yola da Gembu da Buwar. Wanda ya tafi da kuɗinsa a aljihu ya saya can, ya huta da dako, ya sami irin kayan da makarantar take aiki da su, ya kuma amfani ɗan kasuwar garin.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, mene ne ainihin ciwon waɗannan makarantu? A ganina abu uku ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake shiga kwali.

Na farko malami. A nan Kamaru, tun shekarar 2000 gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare, amma kowa ya san a ƙauyuka da yawa iyaye ne suke tara kuɗi ta hanyar ƙungiyar iyayen yara su biya malamin da suka ɗauka da kansu. A Afirka ta Tsakiya abin ya fi haka tsanani. Bayan Seleka sun kama Bangi a watan Maris 2013, da kashe-kashen 'yan anti-balaka da suka biyo baya a ƙarshen shekarar zuwa 2014, malamai da yawa sun gudu, an wawashe makarantu, 'yan'uwanmu kuma suka kwararo sansanonin Gado-Badzere da Lolo da Mbile da Timangolo da Borgop. A shekarar 2019 aka sa hannu kan yarjejeniyar komawa gida tsakanin Kamaru da Afirka ta Tsakiya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wasu suka fara komawa. Makarantun da suka tarar a ƙauyuka, da yawansu malaman iyaye ne suke riƙe da su. Irin wannan malami idan ya yi wata uku bai ga ko sisi ba, gona zai koma ko haƙar zinariya, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ranar da ya tafi, littattafan da muka kai sun zama takardar ƙunshe ƙosai.

A Nijeriya kuwa, gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa a shekarar 1989, mai hedkwata a Kaduna, aikin da aka faro lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilmi. An buɗe makarantu a rugage masu yawa. Amma duk wanda ya zaga wajen dangi ya san cewa samun malamin da zai yarda ya zauna a daji, nesa da kasuwa da asibiti, shi ne babban aiki. Ko gwamnati tana biyansa albashi, sai jama'a sun gina masa ɗaki, sun taimaka masa da hatsi da nono da abin hawa kafin ya daɗe.

Na biyu takardar haihuwa. Yawancin 'ya'yanmu a ruga ake haifarsu, ba a kai sunansu ofishin magajin gari ba. Yaro zai yi shekara 6 yana karatu, idan ya kai ajin ƙarshe aka zo rubuta sunayen masu jarrabawa sai a ce ina takardarsa. A Kamaru idan wa'adin rajista ya wuce sai an bi ta kotu, da shaidu da kuɗin mota da zirga-zirga, abin da talaka bai iyawa. A Afirka ta Tsakiya kuma yaƙi ya cinye takardun mutane da yawa, har da kundayen wasu ofisoshi. Yara masu ƙwaƙwalwa da dama a nan karatunsu ya tsaya.

Na uku tashin rani. Da ciyawa ta bushe sai shanu su gangara kwari, yara su bi su, aji ya koma rabi har faɗuwar ruwa. Inda aka ci nasara shi ne inda aka bar yara tare da tsofaffi a mazauni, aka tanadar masu hatsi da 'yan shanun tatsa. Buhun masara a irin wannan gida ya fi jakar makaranta mai zane amfani.

Saboda haka ga shawarata ga duk maigidan da yake shirin irin wannan tafiya. Tun kafin azama, ya nemi lambar shugaban makarantar da ta arɗo, yanzu waya ta kai kusan ko'ina, ya tambaye su yara nawa ne, malamai nawa ne, wa yake biyansu, me ya fi damunsu. Ya zaɓi makaranta ɗaya tak, kada ya yayyafa nan da can. Ya yi alkawarin abin da zai iya ɗauka na shekara 3 a jere, kamar haihuwa uku ta habbanaye, in da hali ma shekara 6, domin yaron da ya shiga aji ɗaya a gabansa ya fita a gabansa. Kuɗin bijimi ɗaya mai kyau a Etoudi zai riƙe malamin iyaye shekara guda. Wanda bai kai wannan ƙarfi ba, su haɗu su huɗu ko biyar 'yan layi ɗaya a kasuwa, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kayan rubutu kuma a saya can, a damƙa su hannun shugaban makaranta a gaban arɗo da liman da iyayen yara, a ƙidaya, a rubuta.

Na san abin da wasu za su ce. Wani zai ce sadaka sadaka ce, Allah niyya yake dubawa. Gaskiya ne, kuma ban ce mai kwali ba shi da lada ba. Amma mu da muke duba haƙorin sa da kofatonsa kafin mu biya, bai dace a ce wajen aikin lada ne kaɗai za mu saya ido rufe ba. Wani kuma zai ce kaya ana gani, kuɗi kuwa cinyewa ake yi. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa shi ne kada a ba da kuɗin shekara a dunƙule. A riƙa aikawa wata-wata kai tsaye ga malamin, da sanin mutum biyu amintattu, a kuma riƙa neman hoton rajistar yara ta waya. Mu da muke aika miliyoyi Ngaundere da Meiganga a kan amana a loda mana shanu ba mu gani ba, ba za mu kasa tsare albashin malami ɗaya ba.

Akwai kuma masu cewa me ya kai mu ƙetare alhali makarantun rugagenmu na Adamawa da Gabas da Arewa maso Yamma suna kuka? Wannan ma magana ce, kuma ƙungiyoyi irin su MBOSCUDA, wadda aka kafa a 1992, sun daɗe suna fama a kan ilmin 'ya'yan makiyaya a cikin gida. Wanda danginsa suke Banyo ko Tibati, can ya fi cancanta ya kai. Amma iyakar da Turawa suka shata ba ta raba jini ba. Yaron da ya tashi babu karatu babu shanu a bayan Buwar, gobe shi ne 'yan bindiga za su ruɗa, kuma hanyar da shanunmu suke bi zai tare. Taimakonsa tsaron dukiyarmu ne.

Game da tafiya da iyali, ina goyon baya ƙwarai. Yaranmu na Briqueterie da suka tashi a kan kwalta, wasunsu ko Fulatanci ya fara kuɓuce masu, ya kamata su ga inda iyayensu suka fito. Sai dai a kula da abu guda. Kada a jera 'ya'yan dangi a rana, namu suna miƙa masu biro ɗaya-ɗaya ana ɗaukar hoto domin a sa a Facebook. Wannan ya saɓa wa kunya da pulaku, yana kuma koya wa yaranmu girman kai, ya koya wa nasu roƙo. A bar su su kwana tare, su bi shanu tare, su ɗebo ruwa tare, su yi musanyar lamba. Idan aka dawo Yawunde, a ɗora wa babban yaron gida aikin bugawa duk wata ya ji lafiyar makarantar ya kawo wa mahaifinsa labari. Da haka zumuncin zai wuce zamaninmu.

Ina kira ga shugabannin dillalai da fatake na Etoudi, da limamanmu na Briqueterie, da su tayar da wannan magana kafin hutun da ke tafe, a san masu niyyar tafiya, a haɗa waɗanda hanyarsu ɗaya, kada mutum uku su kai alli makaranta ɗaya alhali malaminta yana shirin tafiya saboda yunwa. Iyaye mata ma a sa su cikin shawara, domin su ne suka san dalilin da yake sa a cire yarinya daga aji.

Allah ya sa albarka a dukiyarmu da zuriyarmu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya, amin.

Daga Etoudi, Yawunde.