Masu Allunan Talla A Bauchi Su Haɗa Jari Kan Na'urar Leza

Masu rubuta allunan talla a Bauchi, daga Wunti zuwa Muda Lawal, sun shiga zamanin na'urar leza. Ita ce ke yanka robar akirilik mai kama da madubi, ta zana rubutu a juye ta bayan falle don ya fito daidai ta gaba.

Sai dai na'urar da robar daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 suka yi tsada. Idan wuta ta ɗauke ana cikin yanka, falle guda ya salwanta.

Saboda haka bai dace kowa ya ci bashi shi kaɗai ba. Su kafa ƙungiyar gama kai, su sayi na'ura ɗaya da janareta, su riƙa sarin roba tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.